Gwangwanin Awo

A Farin Gada, bayan layin masu tumatir,
Goggo Yalwa na auna acca da gwangwanin madara.
Takardar jikinsa ta daɗe da saɓulewa,
bakinsa ya lotsa daidai inda babban yatsanta ke zama.

Na ce, Goggo, wa ya fara awo da wannan?
Ta ce, wa ya fara sa gishiri a miya?
Saya ko ka matsa, yaro, rana na yi.

Ban matsa ba.
Ni jikan Cindo ne,
wanda kuɗin haraji ya koro daga ƙasar Kazaure,
ya tako da ƙafa har Barikin Ladi,
sanyi ya tarbe shi tun kafin mutane su ce masa sannu.
Aka ba shi diga, aka ɗora masa kwanon sarki a ka.
Ya haƙa, ya ɗauka, ya wanke,
har baƙin yashi ya kwanta a gindin kwano,
mai nauyi kamar bashi.
Kuza ke nan.

Abokin raminsa Pam
yakan tsaya ya nuna tsakiyar laka da haɓa:
nan gonar babana take, nan muke shanya acca.
Sai ya tofa yawu a tafi, ya koma kan diga.

Jirgi na kwasa daga Bukuru, buhu kan buhu,
ba wanda ya gaya musu inda za ta.
Cindo ya ce kuɗi ake bugawa da ita.
Pam ya ce harsashi.
Suka yi musu damina bakwai, ba alƙali.

Ran wata Asabar, a layin biya,
akawu ya shanye shayinsa, ya cillar da gwangwani,
ya ce, kun ga ƙyallin nan na cikinsa? Kuzarku ce.
Shafe kawai, bai kai kaurin ɓawon albasa ba,
don kada tsatsa ta sha madarar.

Kakana ya ɗauka, ya juya shi, ya leƙa.
Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.
Duk ramin nan, Pam,
duk ƙafar Ɗan Barno da gaɓa ta danne,
ashe kwalli muke haƙa wa gwangwani!
Pam bai yi dariya ba.

Ya sa shi a aljihu ya kai gida.
A makon ne ƙoƙon awon Tabawa ya fashe,
ga gyaɗa a faranti, ga masu saye a ƙofa.
Ta ɗauraye shi, ta cika, ta zuba.
Ban ce ita ta fara ba.
Kowace bariki da Tabawarta.

Daga nan ya bazu yadda ya ga dama:
wani ya huda shi ya sa lagwani,
wani ya tsaga murfin ya yi asusu,
mu kuma muka yi masa taya da silifas,
muka ja shi da zare har Gangare.

Jiya na bi ta Rayfield.
Ramin ya cika da ruwa, kore shar, shiru,
ango da amarya na ɗaukar hoto a bakinsa.
Ban san gonar wa ke ƙasa ba.

Goggo, auna min uku.
Ta nutsa, ta cika, ta share da gefen hannu.
Da ta juye, na leƙa ciki:
tsatsa ta cinye ko'ina
sai wani ɗigo can gindi, kamar ƙwayar acca ɗaya,
yana ƙyalli.

Na ce, sayar min da gwangwanin.
Ta dube ni sama da ƙasa.
Ta ce, ba a sayar da ma'auni.
Buɗe ledarka, ga gyara.